Awa Huɗu a Kan Gangare

Sau biyar ke nan motar Yaya tana shigowa garejin Mai Kunne a cikin wata uku, kuma duk sau biyar ɗin da ƙafarta ta shigo, ana murɗa makulli ta tashi kamar ba ita ba. Mai Kunne ƙanen Yaya ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Direbobi ne suka laƙaba masa sunan, domin yakan tsaya gefen injin dizal ya karkata kai, ya faɗa maka ciwonsa tun ba a buɗe bonet ba. Shekara ashirin da biyu yana cin abinci da wannan suna, yanzu ga motar gidansu tana neman tuɓe masa shi a bainar jama'a.

Ƙorafin Yaya ɗaya ne: yau ta tashi, gobe ta ƙi. Mai Kunne ya gwada batir, lafiya lau. Ya sauke kik mai tayar da injin ya wanke, ya canja hita guda huɗu masu ɗumama injin, ya canja filtar mai, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya har idonsa ya yi ja. Kullum sai ya tambayi Yaya a ina take ƙi, da wane lokaci, bayan ta tsaya awa nawa. Kullum Yaya sai ya ce ko'ina, kowane lokaci, shi ba maigadi ba ne da zai zauna yana duba wa mota agogo.

Ranar Asabar a falon Mama tura ta kai bango. Ana tsakiyar cin abinci, 'yan'uwa da surukai cike da ɗaki, Yaya ya ture farantinsa da ko rabi bai ci ba, ya ce, “Wai Mai Kunne. Ai kunnen ya daɗe da toshewa. Zan kai ta inda aka san aiki.”

Aka yi dariya. Wanda ya fi kowa ƙyaƙyatawa mijin ƙanwarsu ne, mai manyan motoci biyu da ake yi wa sabis a garejin, kuma tun daga ranar ba su sake leƙowa ba. Mama ta ce wa Mai Kunne ya yi haƙuri, yayansa ne. To, yayan mutum ai shi ya san inda zai soka ya yi zafi. Mai Kunne ya karɓi makullin a ranar, ya rantse in bai gano ciwon motar nan ba zai rufe garejin ya koma sayar da tayoyi.

Ya sa tiyo garai-garai tsakanin filta da famfon mai, don ya ga abin da ke bi ta ciki. Ya bar ta wuni guda a fili, ta tashi bugu ɗaya. Washegari wuri ya yi masa kaɗan, sai ya hau da ita kan dakalin wankin mota, hanci sama gindi ƙasa, ya manta da ita. Da la'asar ya zo saukewa, ta yi ta gurnani ta ƙi. Ya leƙa tiyon, babu mai sai kumfa. Wata 'yar tsaga ce a bakin tiyon filta, ko farce ba ya shiga. In motar ta tsaya a miƙe babu komai. In ta ɗaga hanci, iska ta riƙa shiga a hankali, man ya zurare ya koma tanki. Ya sake gwadawa da agogo a hannu. Awa biyu tana tashi, awa uku sai ta yi tari, awa huɗu ko za ka mutu ba za ta tashi ba.

Maimakon ya ji daɗi, ransa ne ya ƙara ɓaci. Ƙofar gidan Yaya shimfiɗe take, harabar ofishinsa ma haka. Ashe akwai inda Yaya ke ajiye mota a kan gangare awa huɗu cur, kuma ya gwammace a yi wa ƙanensa dariya da ya faɗi wurin. Ya kira matar Yaya, ta fara tsokanarsa tana ce masa “mijina” kamar yadda ta saba, ya katse ta ya tambayi ranakun da motar ke ba da wahala. Ta ce Litinin da Alhamis, ranakun da suke dogon taro a ofis, yakan dawo a gajiye ko magana ba ya iyawa.

Taro. Mai Kunne ya yi tsaki. Bai gyara tsagar ba. Ya mayar wa Yaya motar yadda take, domin yana so ya kama Yaya tsaye gaban mota matacciya a ƙofar ko ma wace ce, ya ji wanda kunnensa ya toshe.

Ranar Alhamis da safe ya bi shi a babur daga nesa. Motar ta wuce kwanar ofis, ta zagaya bayan asibiti, ta haura wani ɗan tudu inda ba kowa ke ajiye mota ba, ta tsaya hanci sama. Yaya ya fito ya shige wata ƙaramar ƙofa. Allon da ke samanta ya ce sashen wankin ƙoda.

Mai Kunne ya zauna a kan babur ɗinsa awa huɗu. Ya tuna farantin da aka ture, da riga mai dogon hannu ko ana zafi, da ramar da kowa ya ɗora wa aikin ofis. Shi da yake jin ciwon ƙarfe daga nesa. Ya ji haushin Yaya, ya ji haushin kansa, har ya rasa wanda ya fi.

Bayan azahar Yaya ya fito yana bin bango, auduga manne a hannunsa na hagu. Ya shiga ya murɗa makulli, ta yi gurnani ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Ya fito ya ɗaga bonet da hannu ɗaya, ya fara matsa famfon hannu don ya jawo mai daga tanki, yana yi yana hutawa, gumi na ɗiga a haɓarsa. Da gani ya saba. Kuma na yau da gangan ƙanensa ya bar masa.

Mai Kunne ya zo ya janye hannun daga kan famfon. Yaya ya dube shi.

“Wata uku, Yaya. Ina tambayarka a ina, kana ce mini ko'ina.”

Yaya ya jingina da mota ya ce Mama tana da hawan jini, yara suna makaranta, ba ya so a ɗaga wa kowa hankali. Da ya faɗi wurin, ya san za a tambaye shi me yake yi a can. Maganar falo kuwa so ya yi Mai Kunne ya yi fushi ya bar motar, ya daina tambaya.

“Ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Ka zubar mini da mutunci gaban surukai don kar in sani?”

“Likita ya ce sai dashen ƙoda,” in ji Yaya a hankali. “Ya ce a fara gwada 'yan'uwa. Na san halinka.”

Mai Kunne ya sunkuya kan injin. Ya zaro wuƙa daga aljihu, ya yanke bakin tiyon da ya tsage, ya mayar ya ɗaure tam, ya matsa famfo har ya yi tauri. Duka aikin bai kai minti biyar ba. Ya murɗa makulli ta tashi. Sai ya kashe ta, ya zare makullin ya jefa a aljihunsa, ya ce Yaya ya shiga ya zauna a kujerar gefe.

Yaya ya tambaye shi ina za shi.

“Tunda ka san halina, wace ƙofa ce ta gwajin?”