Reza Ɗaya, Kai Tara

Mu tara aka sauke daga mota ran nan, aka tsugunar da mu a rana a tsakar gidan yari. Ƙa'ida ce, baƙo ba ya shiga ɗaki da gashi. Wani tsohon fursuna ya fito da reza ɗaya tal, ya kama kan na farko.

Ni ne na huɗu. Rikicin iyakar gona ya kawo ni daga Furfuri, na baro matata Ma'u da cikin wata uku. Na gabana Bashiru ne, direban tirela ɗan Tsafe, mutum mai fara'a, sai dai ƙeyarsa cike take da ƙuraje. Da rezar ta bi ta kansu, jini ya gangaro har wuyan riga. Mai askin ya goge ta a wando, ya ce in matso.

Sai wani dattijo daga bayana ya riƙe masa hannu. Dalhatu ne, wanzami daga Bungudu.

"Wagga reza ta gama aiki," in ji shi. Ya karɓe ta, ya karya, ya jefa a kwata.

Gaskiya na ji haushinsa, har na zage shi a zuci. Saboda shi muka yini kwasar bahaya, shi kuma ya yi kwana bakwai a ɗakin horo. Da ya fito na ce, "Baba, mi ya kai ka?"

"Shekara talatin ina taɓa wuyan mutane," ya ce. "Na ga kaluluwar Bashirun nan, na ga farin da ke harshenai. Mutum uku na yi ma ƙaho da irin haka, duk na raka su kushewa. Rediyo ta ce jini ke ɗauko cutar."

"Ka gaya mashi?"

"Ni ba likita ba ne. Shi ma bai sani ba."

*

Ranar da muka shiga sunayenmu kawai aka rubuta, babu wanda ya duba jinin kowa. Da Bashiru ya fara ramewa, ya yi ta cewa ciwon shawara ne, yana ba mu labarin amaryarsa. Sai da zawo ya ƙarar da shi aka kai shi asibiti, aka ce ƙanjamau ce. Bai dawo ba. Na daɗe zaune ina shafa ƙeyata, sannan na je na durƙusa gaban Dalhatu na yi kuka. Ya ce in tashi, mutane na kallo.

*

Da aka sallame ni a 1998, Ma'u na bakin ƙofa da goyo. Tun ina ciki na aika da sunan da za a raɗa wa yaron.

"Malam, wai wane ne Dalhatu a danginku?" ta tambaya.

Na ce labarin na da tsawo, ta bari mu isa gida. Dattijon ya riga ni fita da wata biyu, kuma har gobe ina yi masa addu'a.

Muna tsaye mota ta shigo da sababbi. Kafin a rufe ƙofa na hango tsohon fursunan nan yana goge reza a wando.