Ku Rage Mana Ƙara

Yayana Uzairu ya rasu a hatsarin mota a hanyar Bauchi, kuma tun ba a naɗe tabarmin zaman makoki ba babban yayanmu, Hamma Abdulmumini, ya tayar da maganar waƙoƙi.

Uzairu mawaƙi ne, mai gambarar zamani da yara ke kira hip-hop. Shi da abokinsa Amobi suka kafa Layin Baya, kamfanin waƙa, a wani shago da ke manne da katangar gidanmu a unguwar Bagadaza, cikin Gombe. Kamfani dai suna ne ya yi girma. Kwamfuta ɗaya ce, da makirfo, da kwalayen ƙwai da suka liƙe bango da su. Amobi ɗan Ibo ne haifaffen Gombe, Hausar bakinsa ta fi tawa daɗi. Shi ke haɗa kiɗa, Uzairu ke rubuta baiti ya hau kai. Babu wata takarda a tsakaninsu, kwano ɗaya suke ci, kuma kowa a unguwa ya san abin na su biyu ne.

Kowace waƙar Layin Baya da muryar mahaifiyarmu take farawa. Wata rana suna cikin ɗauka, Dada ta gaji da dukan kiɗa a bangon ɗakinta, ta leƙo ta saman katanga ta kwaɗa kira: "Uzairu, ku rage mana ƙara!" Makirfo ya kama. Amobi ya yi dariya har da hawaye, ya yanke wurin ya ɗora a farkon waƙar. Daga nan ya zama tambarinsu. Yara a Gombe da Kumo da Billiri, da sun ji wata tsohuwa ta ce a rage ƙara, sai su ƙara. Dada ta yi ta faɗa wai an mayar da ita abin wasa, amma in baƙi sun zo ita ce mai ce mini, "Yusra, kunna musu wurin nan nawa."

Hamma bai taɓa taka ƙofar shagon nan ba. Ɗan kwangila ne, gidansa na unguwar Federal Low-Cost, kuma a bakinsa sunan sana'ar Uzairu shirme. Ranar da Uzairu ya cika filin wasa da mutane, Hamma cewa ya yi an zubar da mutuncin gidan Joda, wato mahaifinmu.

To shi ne ya tara mu a tsakar gida, ya sa aka kira Amobi. Ya sunkuyar da kai, ya yi magana a hankali, muryarsa har rawa take.

"Dada, yaron nan ya tafi, amma waƙoƙinsa suna nan. Duk wanda ya kunna, duk yarinyar da ta yi rawa, a kansa ake rubutawa. Yana kwance zunubi na bin sa. In muna ƙaunarsa, a goge komai."

Ba sabuwar magana ba ce. Haka ake yi a wurinmu, in mawaƙi ko ɗan fim ya rasu sai ka ga ana ta roƙo a waya, don Allah duk mai hotonsa ko waƙarsa ya goge. Ni ma Musulma ce, ina tsoron kabari, ban musa masa ba. Dada kuwa sai ta hau salati.

Amobi ya ce, "Hamma, aikinmu ne na shekara tara fa. Ni da shi muka yi."

"Kai addininka daban, ba za ka gane ba. Ƙanena ne ke cikin ramin, ba naka ba."

Na ga yadda maganar ta shige shi. Amobin da ya bi gawa har maƙabarta ya tsaya daga bakin ƙofa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ya dubi Dada.

"Dada, me kika ce?"

"Ɗana, ka taimake ni ka goge."

A gabanmu ya zauna ya sauke waƙoƙin daga intanet, ɗaya bayan ɗaya. Wasunsu dubban mutane ke sauraron su kullum. Da ya gama ya ɗauko 'yar baƙar na'urar da suke ajiye asalin kowace waƙa a ciki, ya miƙa wa Hamma. Hamma ya jefa ta a aljihun babbar riga ya ce shi da kansa zai farfasa ta. Kwamfutar ma aka wanke ta tas, aka sa ta cikin kayan gado.

Saura waƙa ɗaya. Lokacin da Dada ta yi doguwar jinya, Uzairu ya yi mata waƙa tata ita kaɗai, rabi Hausa rabi Fulatanci, babu kiɗa, muryarsa ce kawai. Yana lissafa furar da take dama masa, da dukan da ta yi masa ranar da ya sayar da akuyarta ya sayi makirfo. Ba a taɓa sakin ta ba. Tana cikin ƙaramar wayar Dada, kuma kowace safiya sai ta ji ta kafin ta karya.

Na ce, "Dada, wannan ai babu kiɗa, babu mai rawa da ita. Ki bar ta."

Hamma ya ce, "Waƙa waƙa ce, Yusra. Ke kin fi ta son sa ne?"

Dada ta miƙa masa wayar ta ce ya nuna mata inda ake dannawa. Ba ta yarda wani ya danna mata ba. Ta saurara sau ɗaya har ƙarshe, ta ce, "Allah ya sa ka huta," ta danna da babban yatsanta. Ranar ba ta ci abinci ba.

Amobi ya rufe shagon, ya koma sayar da kayan waya a kasuwa. Gidanmu ya yi tsit. Dada da ta shekara tara tana neman a rage ƙara, sai ga ta zaune tana kallon katanga.

Bayan damina na ɗauki Dada zuwa asibiti a duba hawan jininta. Muna cikin keke napep, direban wani matashi ne mai son kiɗa, ya murɗa rediyonsa. Sai na ji wata murya irin ta masu talla ta ce, "Joda Global Sounds!" Kiɗa ya shigo. Kiɗan Amobi ne, ko a barci na san shi. Sai Uzairu ya fara.

Dada ta damƙe hannuna har farcenta ya shiga.

"Wannan Uzairu ne."

"Shi ne, Dada."

"Ba an goge ba?"

Direban ya juyo yana murmushi. "Mama, ai sun dawo! Yayansa ne ya sake fito da su, wani kamfanin Legas ya saya. Yanzu har a tallan lemo ake sa su."

Dada ta saurara har waƙar ta kusa ƙarewa. Sai ta ce a hankali, "Sun cire ni."

Wallahi ban san sanda na ce wa mai keken ya juya ba. Asibitin da ba mu je ba ke nan. Na kira Amobi a waya, ashe shi ya sani tun makon jiya, kunya ce ta hana shi zuwa gidanmu. Ya bincika ya ga Hamma ya yi rajistar sabon suna, ya gabatar da kansa a matsayin magajin marigayi. A duk waƙoƙin babu inda aka ambaci Amobi ko Layin Baya. Kuma da yake Amobi ne da hannunsa ya sauke na asali, babu abin da zai nuna ya ce ga nawa.

Muka nufi gidan Hamma a Federal Low-Cost, ni da Dada da Amobi. Hamma na zaune a falo yana cin gasasshen kifi. Ya ga Dada ya miƙe yana goge hannu.

Ban gaishe shi ba. Na ce, "Hamma, zunubin ya ƙare ne? Ko kabarin aka sauya masa?"

"Ke, ki iya bakinki. Ni sa'anki ne?"

"Ka sa uwarka kuka a tsakar gida, ka ce wuta na bin ɗanta. Yanzu wutar ce kake sayar wa masu lemo?"

Ya juya wajen Dada, ya dawo da muryar nan tasa mai rawa. Wai ya sake bincike, ya ga malamai sun saɓa a kan mas'alar. Wai waƙoƙin suna wayoyin mutane ko an goge ko ba a goge ba, gara amfanin ya dawo gida. Wai yana da niyyar haƙa wa marigayi rijiya sadaka.

Amobi ya ce, "To ni fa, Hamma? Kiɗan nan duk ni na haɗa."

"Kai kana cikin magada ne?"

"Ban ce ina son gado ba. Rabin aikin nawa ne tun yana da rai. Don Dada na sauke, ba don kai ba."

"Kawo takarda."

Amobi ya yi wata dariya marar daɗi, ya koma bakin ƙofa ya tsaya. Ni kuwa na buɗe baki zan faɗi abin da za a daɗe ana yi mini faɗa a kai, Dada ta ɗaga mini hannu. Ta ciro ƙaramar wayarta daga bakin zane, ta miƙa wa Hamma.

"Abdulmumini, ni ban san kamfani ba, ban san Legas ba. Tunda ka ce malamai sun saɓa, mayar mini da tawa."

Hamma bai karɓi wayar ba.

"Wace?"

"Tawa. Mai Fulatanci. Tana cikin baƙin abin nan da ka sa a aljihu."

Ya sosa ƙeya. Ya ce mutanen Legas sun zaɓi waɗanda za su shiga kasuwa ne kawai, masu kiɗa. Sauran tarkacen ya sa an share, don yana buƙatar na'urar ya zuba hotunan ayyukan kwangila.

Tarkace. Haka ya ce, a gaban matar da ta haife shi.

Amobi ya karɓi na'urar ya kai wa duk wani mai gyara da ya sani, har Jos ya je da ita. Hotunan kwalbati da ramukan gini sun hau kan komai. A cikin duk abin da Uzairu ya rera a duniya, waƙa ɗaya ce ta mutu da gaske, ita ce wadda Dada ta goge da yatsanta don ɗanta ya huta.

Maganar Amobi tana hannun lauya yanzu, kuma na ce masa duk ranar da aka kira shaida ni ce ta farko, ko dangi za su daina gaishe ni. Wasu har sun daina. Rijiya kuwa har yau ba a sara ko ƙasa ba.

Dada ba ta ƙara ambaton sunan Hamma ba. Ta sa an fitar mata da kujera zaure, nan take wuni. Layinmu hanyar keke ce, kuma waƙoƙin Uzairu sun fi da tashe. Jiya ina shara na ji wani mai keke ya taho daga nesa, mai tallan nan ya ce "Joda Global Sounds," aka ɗan yi shiru kafin kiɗa ya shigo. A cikin shirun nan na ji Dada ta ɗaga murya, daidai wurin da aka yanke ta.

"Uzairu, ku rage mana ƙara!"

Mai keken ya ɗauka da shi take, ya rage.