Layin da Malam Gamaliel Ya Ƙara

Shekara goma sha tara Malam Gamaliel ya yi yana buga takardun rantsuwa a gindin mangwaron ƙofar kotun Keffi, bai taɓa canza ko waƙafi ba. Turancinsa mai sitati ne. In ya danna "I do hereby solemnly declare" a tafireta har gyara zama yake yi, sai ka ce shi ya haifi kalmomin. Amma a yaba masa abu ɗaya, ba ya barin takarda ta shiga gaban mai rantsarwa sai ya fassara wa mai ita da Hausa, layi bayan layi.

Wata Alhamis a shekarar 1976 Huraira mai ƙosai ta Angwan Iya ta zo da Ifeoma. Kwalejin horon malamai ta ɗauki yarinyar, amma sai da takardar shaidar shekaru, kuma gobe za a rufe karɓa. Kowa ya san labarinsu. Lokacin rikicin sittin da shida Ifeoma na kwance da ƙyanda, uwarta ta damƙa ta a hannun maƙwabciyarta Huraira, ta bi jirgin ƙasa zuwa Gabas da alkawarin dawowa. Har yau shiru.

"Inna, yaushe aka haife ta?" in ji Gamaliel.

"Kwana uku bayan ɗaga tutar 'yancin kai. Ni na riƙe uwar, ni na dafa ruwan wanka."

Ya buga, ya karanto mata: "Cewa ni ce mahaifiyar wadda aka ambata."

Huraira ta tura babban yatsanta cikin mayafi. "Malam, da Alƙur'ani fa zan rantse. Ban haife ta ba. In uwarta na raye, da wane ido zan dube ta?"

Ya sa sabuwar takarda yana ƙunƙuni, ya sake bugawa. "Cewa ni ce mai riƙonta."

"Mai riƙo? Akuya ce aka ba ni kiwo?"

Ran Gamaliel ya ɓaci. Ya ce mata Turancin gwamnati gurbi biyu kawai ya tanada, ba a yin na uku. Ta ce to ba za ta dangwala ba. Ifeoma ta ninke takardar kwalejin a hankali, ta ce, "Inna, mu tafi gida. Baɗi ma shekara ce."

Maganar ta soke shi, tausayin yarinyar ya kama shi. Ya cire tabarau ya ce, "To Inna, ke mece ce a wurinta?"

"Ina nan ran da ta zo duniya. Ni na yi jinyar ƙyandarta. Ban taɓa kai loma baki ita ba ta ci ba. Sunan abin ne ban sani ba."

Ya sa wata sabuwar takarda a tafiretar. Sannan ya tattaro duk sitatin da ya mallaka ya buga: "That I was present at the birth of the aforesaid, and have not been absent since." Ya fassara mata: "Cewa ina nan ranar da aka haifi wadda aka ambata, kuma tun daga ranar ban gusa ba."

Huraira ta fito da yatsan. "Wannan kam gaskiya ne."

Da kansa ya raka su ciki. Mai rantsarwa ya karanta layin sau biyu, ya dubi Gamaliel, ya dubi matan. Ya miƙa wa Huraira Alƙur'ani, ta rantse, ta dangwala, ya buga hatimi.

A waje Ifeoma ta tsaya gaban teburinsa. "Baba, don Allah ka ba ni kwafin da ya rage."

Gamaliel bai taɓa ba kowa kwafin takardun da ya buga ba, a akwati yake tara su. "Ta asali ce kwaleji ke so. Me za ki yi da wannan?"

"Ba ni da wata takarda da ta ce ina da kowa."

Huraira ta juya baya tana faɗan wai an ɓata mata yatsa da tawada, tana share ido da gefen mayafi. Gamaliel ya ninke kwafin da kyau, ya miƙa wa yarinyar da hannu biyu.