Maƙera da Masu Makoki

Tahir da Sa'id 'ya'yan wa da ƙani ne, Hausawan Madina, gida ɗaya suka tashi a bayan masallacin Ƙuba. Tun da baffansu ya bar musu tsohuwar wanit ɗinsa, wato motar kaya mai buɗaɗɗen baya, suke jigilar dabino daga gonakin Badr zuwa kasuwar Madina. Tahir ne babba da shekara uku, shi ne kuma mai tuƙi.

A cikin gari ba sa kunna komai. Sai sun wuce Bi'ir Ali, sun bar manyan motocin masu umra a baya, sannan Sa'id zai zura hannu ƙarƙashin kujera ya jawo kwalin takalmi cike da kaset na kiɗan rok, waɗanda wani direba ke kawo musu daga Jidda. Babu mai jin Turanci a cikinsu, saboda haka su suka raɗa wa mawaƙan sunaye. Na Tahir su ne Maƙera, don gangarsu da jitarsu kamar ana dukan ƙarfe ne. Na Sa'id kuwa Tahir ya sa musu Masu Makoki, wai mawaƙinsu kullum kamar an yi masa rasuwa. Zaɓen kaset a tafiya na Tahir ne, a dawowa na Sa'id. Shekara takwas suna musu ɗaya: Tahir ya ce kaset na biyu na Maƙera ba a taɓa yin irinsa ba, Sa'id ya ce duk kaset bakwai ɗinsu waƙa ɗaya ce aka sauya mata bango. Tahir na zuba Hausa, Sa'id na mayar masa da Larabci, kamar yadda yake yi wa kowa har mahaifiyarsa.

A bazarar 1997 aka haɗa su da Nu'uman, ɗalibi ɗan Zariya da ke karatun hadisi a jami'a. Hutu ya zo bai je gida ba, yana so ya ziyarci maƙabartar shahidan Badr. Suka sa shi a tsakiya, suka ɓoye kwalin saboda girmamawa. Da tafiya babu abin da aka kunna. A dawowa, da Nu'uman ya jingina kai ya rufe ido, sai Sa'id ya ɗauka barci yake, ya saka kaset na uku na Masu Makoki, mai koren bango, ya rage murya sosai.

Tahir ne ya fara ganin leɓen Nu'uman na motsi tare da waƙar. Sa'id ma ya gani.

"Ustaz, ka san su ne?" in ji Sa'id.

Nu'uman ya buɗe ido, kunya ta kama shi. Ya ce kafin Allah ya juyo da shi wajen karatu ya yi shekara huɗu yana kaɗa jita a wani otal a Kaduna, kuma shekararsa shida rabonsa da jin kiɗa. Sa'id ya matsa masa sai ya faɗi abin da mawaƙin ke cewa. Nu'uman ya ce mutum ne ke magana da ƙaninsa da ya tafi teku bai dawo ba, yana gaya masa yadda gida yake a bayansa. Ya ƙara da cewa a ganinsa wannan shi ne mafi kyawun aikinsu, na baya duk neman hanya suke yi.

Sa'id ya buga cinya. "Ka ji ko, ya Tahir? Shekara nawa ina gaya maka!"

Tahir ya yi dariyar yaƙe, ya lalubo na biyun Maƙera ya miƙa. Nu'uman ya saurari waƙa ɗaya da rabi, sannan ya ce, "Mai gangar nan gwani ne, Malam Tahir. Amma kalmomin ba wani abu ba ne. Mota kawai yake yabo, yana cewa tana da gudu."

Sa'id ya yi dariya har da hawaye. Tahir ya mai da hankalinsa kan tuƙi har suka shiga gari. Shekara takwas yana jin waƙar nan a matsayin kukan mutumin da aka zalunta ya tashi ramuwa, ashe mota ce.

Sati ya zagayo, Sa'id ya sake gayyato Nu'uman, haka na gaba ma. Dokar tafiya da dawowa ta rushe ba tare da an yi shawara ba, domin ana tsaida kaset ne kowane minti a yi fassara. Amma ba wannan ne ya fi ci wa Tahir rai ba. Sa'id, wanda ko Inna, mahaifiyarsa, ba ta samun kalmar Hausa uku a jere daga bakinsa, sai ga shi yana lanƙwasa harshe yana hira da baƙo, yana tambayar yadda ake faɗin abu kaza a Zariya. Ya yi kuskure Nu'uman ya gyara masa, su yi dariya tare. Tahir na riƙe da sitiyari yana jin su, kamar direban da aka ɗauko haya. Ko musun ma an daina yi da shi. In ya ce Masu Makoki sun cika sanyin jiki, Sa'id sai ya ce, "Ai ba ka san abin da suke cewa ba," ya juya wajen Nu'uman.

Ranar tafiya ta huɗu suka isa gonar wani dattijo, Sharfuddeen, wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Sa'id da Nu'uman suka sauka suka nufi inuwar itatuwa, suna ci gaba da maganarsu. Tahir ya tsaya a mota. Ya fitar da kaset mai koren bango daga rikoda, ya jujjuya shi, ya ɗora shi a gaban mota ƙarƙashin gilashi, daidai inda rana ke sauka. Ya ɗaga tagogi, ya kulle ƙofa, ya bi su.

Awa uku suka yi, aka loda kwalaye, aka yi azahar, aka ci abinci. Da suka dawo, kaset ɗin ya lanƙwashe kamar gurasar da aka manta a wuta. Sa'id ya ɗauke shi da gefen shimaginsa, wato ƙyallen da yake yafawa a ka, saboda zafi. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya kalli Tahir.

"A cikin rikoda na bar shi."

"Wataƙila ka manta," in ji Tahir, yana neman ramin makulli.

Suka kama hanya. Sai can bayan duwatsu Nu'uman ya yi gyaran murya. Ya ce su yafe masa, amma shi abin ya zo masa da sauƙi. Sati uku ke nan in ya buɗe littafi waƙoƙin nan yake ji a kansa, har yatsunsa sun fara motsi da kansu, kuma ya rasa yadda zai gaya wa Sa'id saboda karamcinsa. Ya ce ba zai ƙara biyo su ba, amma ƙofarsa a buɗe take ga duk mai son shayi.

Tahir ya zuba wa hanya ido. Ashe da ya yi haƙurin kwana ɗaya, mutumin da kansa zai tafi.

Daga nan Sa'id ya daina taɓa kwalin. In Tahir ya ce ga dawowa nan, taka ce, sai ya ce, "Khalas, shi ke nan, sa abin da kake so," ya juya fuska waje. Tahir ya kunna Maƙera tafiya da dawowa har sati biyu, sannan shi ma ya kashe.

Wata Laraba da la'asar ya je ƙofar masaukin ɗalibai ya aika aka kira masa Nu'uman. Bai yi kwana-kwana ba, ya ce shi ya sa kaset ɗin a rana, kuma yana so a rubuta masa sunan mawaƙan da na kaset ɗin da haruffan Turawa. Nu'uman ya ce bai so ya sake sa hannu a harkar nan ba, amma gyara zumunci wani abu ne daban. Ya rubuta a bayan wata takarda.

Tahir ya tuƙa har Jidda washegari. A shago na biyar ya samu kaset ɗin. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya tarar da Sa'id a tsakar gida yana wanke wa Inna tulun ruwa, ya ajiye masa kaset ɗin a kan dakali, har da ledarsa.

Sa'id ya goge hannu, ya duba gaba ya duba baya, ya sa a aljihu. "Shayin Ustaz fa?" ya ce. "Gobe zan je. In za ka zo, ka zo. In ba za ka zo ba, kada ka ɓata mini rai a kai."

Tahir ya ce zai zo. Ya je, ya zauna a bakin tabarma, ya sha kofi biyu.