Inuwar La'asar

Shekarar da rediyo ya ce za a kafa babban birnin ƙasa a dajinsu, mutanen Gudu dariya suka yi. Helen ba ta yi ba. Tun dawowarta daga makaranta a Keffi take ganin masu awo suna jera turaku a gefen gonar doyar marigayi mahaifinta.

Sai ga Dallatu, wani dillalin filaye daga Kaduna. Ya hau da mutanen garin kan dutse yana nuni da sanda.

"Can banki, can otal, bene kan bene har tsuntsu ya gaji. Fitilu za su hana ku ganin taurari."

Helen ta dubi ciyawa da shanun Fulani da ke kiwo a ƙasa. Wai a nan! Ta rantse a ranta ba za a gina wannan abin mamaki ita da mahaifiyarta Azumi suna leƙe daga waje ba.

Kawu Yamusa, ƙanin mahaifinta, shi ya gaji gonar, kuma ya riga ya ce ya sallama wa Dallatu.

"Mace ba ta gadon ƙasa a nan, ko ta haɗiye boko," ya ce wa Helen a gaban dattawan gari.

"Gona taka ce, Kawu. Ɗorawar da ke bakin gonar fa?"

Dattawa suka kalli juna. A al'adarsu, ana sayar da gona ban da itace, kuma wanda ya raini itace shi ke da inda inuwarsa ta faɗa. Ɗorawar nan Azumi ce ta raine ta.

Dallatu ya tuntsire da dariya. "Malama, ogana ba ya cin daddawa. Riƙe inuwarki."

"To a auna da la'asar," in ji Helen.

Da rana ta karkata, inuwar ta miƙe, ta yi ta tafiya har ta taɓa turakun masu awo, inda babbar hanya za ta bi. Dallatu ya daina dariya.

Aka yi ta yi wa Helen da Azumi gori, wai masu gadon inuwa. Damina ta wuce, wata ta zo, suna ɗebo duwatsu a kafaɗa kamar yadda matan Gwari ke ɗaukar kaya, har suka ta da shago a filin inuwar.

Ranar da katafila ta iso, ƙasa na rawa, ta tsaga hanya mai faɗin kogi daidai bakin ƙofarsu. Azumi ta kama hannun 'yarta.

"Wannan duk hanya ce?"

"Somin taɓi ne, Inna," in ji Helen. Ta buɗe shagon.