Hoton Inna Abu

Rayyanu ta fita takaba a tsakiyar damina, da aka buɗe lakkwal kuma ta koma koyarwa a ajinta a Tasawa. Duk wanda ya gan ta sai ya yaba haƙurinta. Ita dai ba ta san ko haƙuri ba ne. Tun ranar da motar da ta ɗauko mijinta Cha'ibu ta kife a hanyar Maraɗi, take jin kanta kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Takan yi salla, ta ɗora tukunya, ta yi rubutu a allo, ta duba aikin yara. Kome aka ce mata sai ta ce to.

Wata ranar Alhamis, lokacin shan iska, Zara'u mai aji biyu ta zauna kusa da ita a gindin bango. Tare suka yi makarantar horon malamai, ita kuwa Zara'u 'yar Koona ce.

"Inna ce ta aiko ni wurinki," in ji Zara'u. "Wai babanki ne ya yi wa babanmu hoto tun ba a haife ni ba. Tana so a yi mata irinsa, baƙi da fari, da kamarar nan tashi. Na ce mata ga salula, ta ce ita ba ta son hoton da ake shafawa da yatsa ya wuce."

"To," in ji Rayyanu.

"In ba ki jin za ki iya, sai in ce mata kamarar ta lalace."

"Ba ta lalace ba."

Mahaifin Rayyanu, marigayi Ɗan Azumi mai hoto, ya yi shekaru da shagonsa a bakin kasuwa, kuma cikin 'ya'yansa ita kaɗai ta koyi aikin. Kamarar da ya bar mata ƙarfe ce zalla, ba ta cin batir, ba ta yin kome da kanta. Kai za ka dubi rana ka zaɓi yawan hasken da zai shiga, kai za ka ja fim da babban yatsa. Ba ta cikin idon kamarar ake leƙe ba, akwai wata 'yar taga daban a kusurwa. A tsakiyar tagar akwai ɗan tabo mai ruwan ɗorawa, inda abin da kake dubawa yake rabuwa biyu, sai ka yi ta murɗa zoben ido har biyun su haɗe su zama ɗaya, sannan ka danna. Wanta da ke Yamai yakan aiko mata da fim da maganin wanki in ya samu. Tun rasuwar Cha'ibu ba ta buɗe akwatin ba.

Ranar Asabar suka shiga taksi zuwa Koona. Kaka ce, damman hatsi jibge a ƙofar kowane gida. Gidan su Zara'u cike yake, domin Inna Abu ta tara 'ya'yanta maza duka, ta ce kada wanda ya tafi cin rani sai an yi hoton nan. Babbansu Sama'ila ya sa an share tsakar gida, an kafa kujera a inuwar itacen bedi, an shimfiɗa sabuwar tabarma a gabanta.

Rayyanu ta tsaya ta auna nisa. Ta ɗauki hoton kujerar ba kowa a kanta, don ta ji ko hannunta ya tuna. Da ta juya sai ta hango tsohuwar a bakin ƙofar ɗakinta, ta ba da baya, hannuwanta biyu a sama tana ɗaura kallabi, Zara'u ta riƙe mata ɗan madubi. Rayyanu ta murɗa zobe, kafaɗun nan biyu suka haɗe, ta danna.

Nan wata maƙwabciya ta shigo, mace mai ƙiba da tabon goro a haƙora, ta nufo ta kai tsaye. Rayyanu ta rufe idon kamarar da marfinsa, kamar yadda mahaifinta ya koya mata, don rana kan ƙona ƙyallen da ke ciki in an bar shi buɗe. Matar ta kama hannunta da hannu biyu.

"Ke ce matar Cha'ibu? Allah ya jiƙan shi. Ni hwa ina wurin, ɗiyata. Motarmu na bayan tasu. Mu muka jawo su muka kwantar ƙarƙashin wani ƙalgo. Ba ya da rauni ko ɗaya a huska, kamar mai barci. Mayafina na cire na lulluɓa mashi. Takalminsa guda ne ba mu gani ba, mun duba har cikin gona."

Rayyanu ta dubi bakin matar yana motsi. Ta tuna lallai takalmi guda aka kawo mata cikin leda, kuma yana nan bayan ƙofa har yau.

"Allah ya saka da alheri," ta ce.

"Ya haƙuri?"

"Da godiya."

Sai ga Inna Abu ta fito. Ta sha lalle har wuyan hannu, ta ɗaura wani tsohon saƙi mai shuni da ya yi shekaru a ƙasan akwati, kwalli ya zauna a idonta. Ta zauna ta miƙe wuya, ta ɗora tafukanta a gwiwa.

"Ɗiyar Ɗan Azumi, in yi dariya ko in kame?"

"Yadda kika ga dama, Inna."

"Babanki cewa ya yi malam ya kame. Ni ma zan kame."

Rayyanu ta ɗaga kamara. Ga tsohuwar nan cikin 'yar taga, sarai, idonta biyu-biyu a tsakiyar tabon. Ta murɗa suka haɗe, ta danna, ta ja fim. Ta ɗauke ta ita kaɗai, ta ɗauke ta da 'ya'ya maza a tsaye bayanta, sannan da surukai, sannan da jikoki zube a tabarma. Wani ƙanen Zara'u ya kawo ragon da yake kiwo ya ce sai an sa shi, aka yi ta dariya, har Inna Abu ta manta da kamewa ta buɗe baki. Rayyanu ta danna a daidai nan. Hannuwanta suna aikinsu, ita kuwa a zuciyarta tana ganin gona a bakin hanya da mutane sunkuye suna dube-dube. Da fim ya ƙare ta naɗe shi, ta mayar da kamarar jaka. Aka kawo fura ta sha, aka ba ta gyaɗa da wake ta karɓa.

Fim ɗin ya yi makonni a kan tebur. Zara'u ba ta matsa mata ba, sai dai wani lokaci ta ce Inna na gaishe ta. Wata Lahadi bayan azahar Rayyanu ta ɗauko kayan wanki. Ta zura hannuwa cikin baƙar jaka, ta naɗa fim a ƙwaryarsa da lalube, ta rufe. Ta zuba magani, ta juya, ta jira, ta zubar, ta zuba na biyu, ta ɗauraye. Da ta warware shi ta ɗaga wajen hasken ƙofa, sai ta ga kujera a farko, ta ga mutum a bakin ƙofa. Daga nan har ƙarshe fim ɗin fes yake kamar ruwan randa, tana hango katangar gidanta ta cikinsa.

Ta buɗe jaka ta fito da kamarar. Marfin yana nan a kan ido, baƙi a kan baƙi. Ba ta cire shi ba tun da matar nan ta saki hannunta, tagar leƙe kuwa ba ruwanta da marfi, ta ci gaba da nuna mata kome. A gidan ma ba wanda ya san yadda idon kamarar ya kamata ya kasance.

Ta maƙala fim ɗin a igiyar shanya, ta zauna a kan turmi tana kallon ruwa yana ɗiga daga ƙarshensa. Ta jira ta ji kunya ko haushi, ba wanda ya zo. Da ya bushe ta shiga ɗakin ajiya, ta toshe taga da bargo, ta kunna jan ƙwan lantarki, ta fitar da hoton nan guda na bakin ƙofa a takarda.

Da safe ta gaya wa Zara'u a ƙofar aji. Zara'u ta ce, "Duka?"

"Duka, sai guda."

"Su yaya Sama'ila sun tafi. Biyu Kano, ɗaya Agadas. Autanmu ma an ce ya wuce Libiya." Ta share ido da gefen hijabi. "Bari ni in faɗa mata."

"A'a. Ni zan je."

Ita kaɗai ta koma Koona. Gidan ya yi faɗi, ba kowa sai mata da ƙananan yara. Ta tarar da Inna Abu a bakin rumbu tana ɓarar gyaɗa cikin tsohon zane, lallen ya koɗe, saura ja kaɗan a farce. Rayyanu ta durƙusa ta gaishe ta, ta faɗi abin da ya faru ba ƙari ba ragi.

"Wato duk zaman nan da muka yi, idon abin a rufe yake?" in ji tsohuwar.

"A rufe, Inna."

"Har da na ragon?"

"Har shi."

Tsohuwar ta ɓare gyaɗa biyu ko uku. Rayyanu ta ce ta zo da wani fim, in Inna ta yarda sai a sake yanzu.

"Da wa? Ni da kaji?" Ta kakkaɓe hannu. "Mu ga wanda ya tsira."

Rayyanu ta miƙa mata. Tsohuwar ta nisanta takardar da idonta, ta matso da ita, ta karkata ta wajen haske. Ta daɗe tana dubawa.

"Wannan ai uwata ce," ta ce a hankali. "Haka take tsayawa, ƙugu guda a sama. Ga wuyan nan." Ta taɓa bayan wuyanta da yatsu. "Ashe haka nike ta baya. Ba wanda ya taɓa hwaɗa mani."

Ta kira wata surukarta ta ce a sa mata shi cikin kwalla, ƙarƙashin zannuwa, kada yara su taɓa. Sannan ta dubi Rayyanu sosai, tun daga fuska har hannuwa.

"Kina cin abinci kuwa?"

"Ina ci, Inna."

"To. In mazan sun dawo shuka, in muna nan, Zara'u za ta gaya maki."

Taksin komawa ya cika maƙil. Wata mata da ke fama da buhu da kwano ta ɗora wa Rayyanu jaririnta a cinya ba tare da ta tambaye ta ba. Yaron ya dube ta kaɗan, ya kwantar da kai a hannunta, barci ya ɗauke shi, yawunsa yana jiƙa mata riga. Haka ta riƙe shi har tashar Tasawa, uwar ta karɓe shi ta yi godiya, ita kuma ta saɓa jakarta ta kama hanyar gida.