Tururuwa a Cikin Ludayi

Tun hantsin jiya jinjirin bai sake kama nono ba, Khairunnisa kuwa ba ta da bakin yin magana. Ɗan fari ne. A gidansu, can bayan kasuwar Sandamu inda ta dawo goyon ciki, mace ba ta rawar kai a kan ɗan fari. Ba ta ɗaukar sa a gaban manya, ba ta leƙa fuskarsa, in ya yi kuka sai ta kau da kai kamar ɗan maƙwabta ne. Haka ta zauna a bakin gado tana kallon bango, ƙirjinta ya cika yana zogi, shi kuma yana kan cinyar mahaifiyarta, Inna Shatu, a naɗe cikin zane.

Shekaranjiya da la'asar ta haihu a asibiti, lafiya ƙalau, aka ɗora mata shi a ƙirji ya sha. Washegari da hantsi, bayan sun dawo gida, Inna Shatu ta miƙo mata ludayi ta ce ta tatso. Abin da ya fito ɗan kaɗan ne, mai kauri, ruwan ɗorawa, wato dakashi. Inna ta tsinto tururuwa a gindin randa ta jefa a ciki, ta tsuguna tana kallo. Tururuwar ta yi ta fama, ta kasa fita, har ta daina motsi.

"Mugun nono ne," in ji Inna. "Sai an wanke shi kwana uku kafin a ba shi."

Shi ke nan, aka dafa saiwa ana wanke wa mai jego ƙirji, yaro kuma aka koma ɗiga masa ruwan ɗumi da ɗan nonon akuya, rabi ya shiga rabi ya zube. Jiya ya wuni yana tsala kuka har muryarsa ta dushe. Yau ya yi tsit. Matan da ke shigowa barka sai yabo suke, wai ba su taɓa ganin yaro mai haƙuri irin wannan ba. Duk wadda ta faɗi haka sai gaban Khairunnisa ya faɗi, domin akwai wadda ta taɓa gaya mata abin da irin wannan shirun yake nufi.

Anti Zulfa ce. Ita ba nas ba ce, ba kuma ungozoma ba. Wata mata ce 'yar cikin Daura da ta yi horo a kan rakiyar masu ciki. Wurin awo suka haɗu, tun ciki na wata biyar. Ita ta riƙa bayyana mata abin da malaman asibiti suka faɗa a gurguje, ita ta dafa mata baya ranar naƙuda, ita kuma ta ce mata, "Jinjirin da ya yi shiru, ana tada shi ba ya tashi, ba haƙuri yake ba. Ƙarfi ne ya ƙare mashi. Kika ga haka, kira ni."

Khairunnisa ta soke waya a ƙugun zane ta nufi bayi, tana tafiya a hankali saboda ɗinki. Tana shiga ta danna lambar Anti Zulfa.

"Anti, ba ya kuka."

"Yaushe rabon shi da nono?"

"Jiya da hantsi. Inna ta gwada, ta ce..."

"Na gane. Fitsari fa?"

"Tun jiya da azahar tsumman shi a bushe yake."

"Koma ki sa shi a nono yanzu. Gani nan tafe."

"Ba zan iya ba, Anti. Inna na riƙe da shi."

Ta koma ɗaki ta zauna inda ta tashi. Taku uku ne tsakaninta da ɗanta, amma ta kasa. Tun tana ƙarama ba ta taɓa musu da Inna ba, kuma ta san idan ta miƙa hannu a gaban matan nan, har ta tsufa ana ba da labarinta a matsayin wadda ba ta da kunya. Ta tsani kanta a wannan zaman, ta kuma ci gaba da zama.

Ana kiran azahar, 'yan barka sun watse, mashin ya tsaya a ƙofar gida. Zulfa ta yi sallama ta shigo da jakarta, hijabinta duk ƙura. Ta durƙusa ta gaida Inna Shatu yadda ya kamata, ta yi barka da arziki, sannan ta ce, "Inna, a ba ni baƙon namu in gani."

Inna ta miƙa shi tana yatsina. Ba ta taɓa son wannan sabon salo ba, a ce wata daga Daura ce za ta koya wa 'yarta haihuwa, ita da ta haifi bakwai a kan tabarma.

Zulfa ta warware zanen. Khairunnisa na satar kallo ta gefen ido. Ta ga Zulfa ta taɓa tafin ƙafarsa, ta shafa maɗigarsa, ta buɗe leɓensa da ɗan yatsa. Ta ɗalli ƙafar, yaro ya ɗan yamutsa fuska kawai ya koma barci. Fuskar Zulfa ba ta canza ba, sai dai ta ciro waya nan take ta kira wani mai mota ta ce ya zo yanzu-yanzu, asibiti za a je.

"Asibitin me kuma?" in ji Inna Shatu. "Yaro na barcin shi."

"Inna, taɓa ƙafar nan. Zafin nan da ake yi, amma sanyi ƙalau. Bakin shi a bushe. Yunwa ce, kuma ta fara cin ƙarfin shi. Malaman asibiti za su duba shi, amma kafin motar ta iso dole nonon uwar shi ya shiga cikin shi."

"Wane nono? Wanda ya kashe tururuwa a gaban idona? 'Yar nan, ba ni jikana. Ba a gidan nan ba."

Zulfa ba ta miƙa shi ba, ba ta kuma ɗaga murya ba. Idonta ya sauka a kan kwalbar zumar da aka saya wa mai jego don kunu, tana kan taga. Ta rungume yaron da hannu ɗaya, ta tsiyaya zumar kaɗan a murfin kwano, ta laluba gindin randa ta tsinto tururuwa ta saka. Tururuwar ta ja ƙafa ɗaya, ta ja ta biyu, ta maƙale.

"Inna, zumar nan guba ce?"

Zulfa ta nuna mata tururuwar, ta ci gaba.

"Kauri ne ya riƙe ta. Dakashi haka Allah ya yi shi, da kauri, saboda cikin jinjiri ɗan mitsitsi ne, kaɗan ke isar shi, kuma shi ne rigakafin shi na farko. Akuyarki da ke ɗaure a tsakar gida, in ta haihu, kina hana ɗan nata dakashi?"

"Mutum ba akuya ba ne," in ji Inna da zafi. Ta miƙe tsaye ta tare tsakanin Zulfa da gadon. "Haka muka tarar, haka aka yi mana. Kwana uku na ce, saura ɗaya da rabi. Ba ni shi."

Hannun jinjirin ya zamo daga cikin zane, ya yi lilo, bai ja shi ba. Khairunnisa ta ga wannan hannu, ba ta san lokacin da ta tashi ba. Ta ratsa ta gefen mahaifiyarta, kafaɗarta har tana gogar ta Inna, ta karɓi yaron daga hannun Zulfa.

"Ke! A gabana?"

"Inna, ki yafe mani," ta ce, hawaye na zuba. "Ɗana ne. Ba zai kai kwana ɗaya da rabi ba."

Ba ta taɓa furta kalmar "ɗana" ba sai yau. Ta zauna ta kwance zanen ƙirjinta, Zulfa ta cire wa yaron riga ta manna shi a fatarta, ta lulluɓe su tare. Aka goga masa nono a leɓe. Bai buɗe baki ba. Aka sake, ya ɗan buɗe, ya saki.

"Anti, ya ƙi!"

"Ba ƙi ya yi ba, ƙarfin ja ne babu. Tatso, yadda na nuna maki. Sa yatsu a baya, danna, saki."

Zulfa ta ciro ɗan cokali mai tsabta daga jaka ta tara. Ɗigo ɗaya, ɗigo biyu, a hankali kamar ba zai taru ba. Ta tallafo kan yaron ta ɗiga masa a gefen harshe. Suka zuba wa maƙogwaronsa ido. Babu abin da ya motsa. Khairunnisa tana ta Hasbunallahu a zuci. Can sai ɗan maƙogwaron ya yi sama, ya dawo.

"Ya haɗiye," in ji Zulfa. "Ƙara."

Suna kan cokali na uku suka ji muryar Inna Shatu daga bakin ƙofa, ƙasa-ƙasa, ba irin wadda suka sani ba.

"Nawa na fari namiji ne. Kafin wannan." Ta nuna Khairunnisa da haɓa. "Kakarsu ta gwada, tururuwa ta mutu. Aka ce in jira kwana uku. Shi ma haka ya yi shiru, ana ta yabon shi. Rana ta uku aka fitar da gawar shi." Ta kalli murfin kwanon da zumar ke ciki. "Shekara talatin ina cewa nonona ne ya kashe shi, alhali ko ɗigo bai sha ba. 'Yar nan, da na ba shi, da ya rayu?"

Khairunnisa ba ta taɓa jin tana da wa ba. Ta kalli mahaifiyarta, tausayi ya kama ta.

"Allah kaɗai ya san wannan, Inna," in ji Zulfa a hankali. "Amma wannan yana haɗiya. Hannuna biyu ne, ina tallafe da kan shi. Zo ki riƙe cokalin."

A waje mota ta yi oda. Inna Shatu ta tako ta durƙusa a gaban 'yarta, ta karɓi cokalin. Ta kai shi bakin jikanta, ya haɗiye, ya buɗe baki yana neman ƙari.

"Ke, tatso mana," ta ce wa 'yarta. "Ba ki ga ya shanye ba?"